Tudun Kande

Litinin, 2 ga Oktoba, 1989

'Yan gaisuwa sun fara raguwa. Yaya Shitu ya koma Saminaka da safe, ya ce shagon ɗinkinsa ba kowa. Da ya tayar da babur na toshe kunnena har ya haye gangara.

Wannan littafin ragowar na aji shida ne. Da, in magana ta tsaya mini a wuya, yayata Kande nake gaya wa, ita kuma ta gaya wa mutane. Ko takalmi nake so Baba ya sayo mini, ita ke buɗe baki. Yanzu babu ita. To, bari in riƙa rubutawa.

Talata, 3 ga Oktoba

Sau ɗaya zan rubuta shi, ba zan ƙara ba.

Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce masararmu tana shanye a kan kwalta, kamar ta kowa. Tun da aka zuba kwalta a garin nan ba mai shanya a gida. Ta fi zafi, ba ƙasa, ba tsakuwa. Bana masara ta yi kyau, shanya ta ci rabin titi.

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Duk gari ya fito a guje da buhu da tsintsiya. Ba wanda ke kallon hanya, kowa sama yake kallo. Ni na riƙe bakin buhu, Kande tana zubawa da ƙwarya. Ta ce, "Buɗe shi sosai mana, Malama Shiru, ko sai na rubuto miki takarda?" Tana dariya. Ta juya ta ƙara ɗebowa.

Bas ce ta gangaro daga wajen Doguwa. Na ji ham, na ji ƙugin birki, amma ba ta tsaya ba. Sai ta taho a karkace, kamar ba a kan taya take tafiya ba.

Buhun yana hannuna har aka shigo da ni gida. Inna ce ta ɓanɓare mini yatsu.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Direban ya zo gaisuwa, shi da dattawan tasha. Ina bayan zana ina wanke-wanke, duk na ji. Na leƙa ta ɓula. Na zaci zan ga saurayi mai jan ido. Ashe dattijo ne, sa'an Baba, gemunsa da furfura. Maikano sunansa. Ko tabarma bai yarda ya hau ba.

Bai yi musun gudu ba. Ya ce kayan da ke saman mota ba tamfal, fasinja suka yi ta ce masa ya taka kada ruwa ya cim musu, shi kuma ya biye musu. Ya ce tayoyin sun suɗe, ya sha gaya wa mai motar. Sannan ya ce akwai abu ɗaya, in an ba shi izini. Ya ce ya taka birki tun da nisa, amma da motar ta hau shanya sai ƙwayar masara ta riƙa mirginawa a ƙarƙashin taya, sitiyari ya zama ba shi da amfani a hannunsa.

Baba ya ce, "Wato masarata ce ta kashe mini 'ya."

Liman ya yi ta maganar ƙaddara. Baba ya ce ya yafe, aka shafa fatiha. Amma ni na san muryar Baba. Ba ta yafiya ba ce.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Baba da mazan unguwa sun yi tudu a gicciye a kan titi, daidai wurin. Suka jera duwatsu daga wannan gefe zuwa wancan, suka ɗebo baƙar laka daga fadama suka lulluɓe, suka daddaɓe da bayan garma. Ya yi kamar kunyar dankali, ya kai rabin ƙwauri. Mai unguwa ya ce ya yi daidai, in hukuma ba ta yi ba mu mu yi. Yanzu ko wane ne dole ya rage gudu a garin nan.

Yau Baba ya cinye tuwonsa. Rabonsa da haka tun ranar.

Talata, 10 ga Oktoba

Inna ta aike ni rijiyar tsallake. Na tsaya a bakin kwalta, ba mota ko ɗaya, ƙafata ta ƙi. Na dawo da tulu ba ruwa. Inna ta dube ni, ta karɓa, ta tafi da kanta.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Masarar da aka kwashe ranar tana nan a buhu, ba wanda ya taɓa ta. Ta fara wari. Maƙwabta duk sun mayar da shanyarsu kan titi, wai yanzu akwai tudu, ba komai. Inna ta ce ita ba za ta iya ba, gara ta ruɓe.

Kaka ta ce kafin kwalta ina ake shanya? Ba a falalen dutsen bayan gari ba? Mutane ne suka yi ƙiwuya, dutse ya yi musu nisa, titi kuma yana ƙofar gida. Ta juyo ta ce mini, "Ke uwar magana, ba kya ce komai ba?" Kullum haka take tsokanata. Da, Kande ke rama mini.



Asabar, 14 ga Oktoba

Yara sun sa masa suna, tudun Kande. Na ji wani yana cewa mu haɗu a tudun Kande. Kamar sunan kasuwa.

Talata, 17 ga Oktoba

Lakar ta bushe, taya ta bi ta kai ta bi ta kai, yanzu launinsa ɗaya da kwalta. Ni da na san inda yake, in na hanga daga ƙofar zaure sai na ƙura ido nake gane shi. Da rana direbobi na ganinsa, amma sai sun zo daf. Da rana ta yi sanyi kuwa, sai dai ka ji birki, ƙiii, sannan dum. Ina cikin gida nake toshe kunne. Shekaranjiya wata a-kori-kura ta yi tsalle, kwandunan tumatir suka zube, yara suka yi ta wawa. Direban ya fito yana zage-zage, samari suka taru a kansa, ya koma mota.

Baba kullum bayan la'asar yana kan gungumen ƙofar gida yana kallo. Da safe kuma ya ɗebo laka ya cike inda taya ta ci. Yana shafa shi da tafin hannu, a hankali. Na taɓa ganin an yi wa ƙasa irin wannan shafar, amma ba a kan titi ba. Ba na son in rubuta inda.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Dikko na ruga ya faɗi. Gari bai gama wayewa ba, ya ɗauko matarsa Maijidda a babur da ƙoren nono, za su kasuwa. Maijidda ce ke kawo wa Inna nono tun ina ƙarama. Sun daɗe ba su biyo ta nan ba, ba su san da tudun ba. Shi ya karye a kafaɗa, an kai shi wurin mai ɗori. Ita bakinta ya fashe, haƙora biyu sun fita. Tana zaune a tsakiyar titi tana tattara fasassun ƙore, tana ta faɗin wata magana da Fillanci, ba ta ma san jini na zuba ba.

Baba ya ce da gudu yake. Kaka ta ce wane gudu, babur ɗin Dikko da ko jaki ya fi shi sauri? Baba ya tashi ya fita, bai karya ba.

Wani abu da na lura. Nonon ya malale a kan tudun, fari fat, kusan rabinsa. Duk safiyar nan ban ji ƙugin birki ba. Motoci tun daga saman gangara suke lafawa, su zo su haye a hankali. Sai da azahar, da nonon ya bushe ƙura ta rufe shi, aka koma ƙiii, dum.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zai saurari maganar nono.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ina tankaɗe abin ya faɗo mini, sai da rariya ta suɓuce.

Yaya Shitu bai san da tudun ba. Ya tafi kafin a yi shi. Kuma zai zo sadakar arba'in, ya ce ran jajibere zai taho. Na san yadda yake tahowa. Sai ya rufe shago da la'asar, ya iso nan ana kiran magariba. Kuma in ya kawo saman gangara kashe inji yake yi don tattalin mai, ya saki babur ya gangaro da kansa har ƙofar gida. In inji ya mutu fitila ma mutuwa take. Ya sha ɗaukar mu ni da Kande a haka, iska na kaɗa mana ɗankwali, Kande na ihu tana cewa ya ƙara. Yakan ce ko ido rufe ya san hanyar nan, a kanta ya koyi keke.

Shi ne abin. Ya san ta.

Na gaya wa Inna a madafa, a hankali. Ta ce Bature mai hatsi zai je Saminaka cikin satin nan, za ta ba shi sallahu.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na yi mafarkin Kande tana zuba masara a buhu, buhun ba ya cika.

Asabar, 28 ga Oktoba

Bature bai je Saminaka ba. Ya canza shawara, Dangora ya tafi. Da Inna ta aika tambaya ya ce af, ai ya manta ma da sallahun, amma Shitu ba yaro ba ne, yana da ido.

Inna ta gwada yi wa Baba magana, ina jin su daga tsakar gida. Ba ta ma kai ga sunan Yaya ba. Daga cewa tudun nan, sai ya katse ta. Ya ce duk wanda ya taɓa tudun nan ya nuna ba shi da rabo a Kande. Ya ce da tudun yana nan tun farko da yanzu tana tsakar gidan nan tana daka. Inna ta fito tana share ido da bakin zane.

Wataƙila gaskiyarsa ne. Wataƙila kuma da shanyar ba ta kan titi. Ban sani ba. Duka biyun suna cina.

Litinin, 30 ga Oktoba

Na kai wa Baba abinci, na durƙusa, na ƙi tashi. Na shirya maganar tun safe, har na maimaita ta a bayan rumbu. Ya ɗago ya ce mene ne, Barakatu. Na ce ko in ƙaro ruwa.

Ya ce a'a.

Laraba, 1 ga Nuwamba

An ce kafaɗar Dikko ba ta kama daidai ba, sai an sake karyawa. Maijidda ba ta ƙara zuwa gidanmu ba. Wata ce ke kawo nono, ita ma daga ƙofa take tsayawa.

An fara sussukar geron gumba. Gwaggonni sun fara isowa, gida ya cika, kowa na ce mini ya haƙuri. Ina cewa da godiya. Ba wanda ya san haƙurin ba na baya kaɗai ba ne, har da na abin da bai faru ba tukuna.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Inna ta ce in fito da tabarmi daga bayan rumbu. A nan na ga kaskon Kande. Farar ƙasa ce, Kande ta haƙo ta tun kafin kaka, ta ce in ruwa ya ɗauke za mu shafe ɗakin Inna, mu yi masa zane a bakin ƙofa. Ta bushe ta tsattsage. Sawun yatsunta na nan a sama, guda huɗu, inda ta gwada kaurinta.

Na zauna a wurin ban san iya daɗewar da na yi ba. Na sa yatsuna a cikin nata. Nata sun fi tsawo.

Sai na ɗebo ruwa na zuba. Sawun ya narke ina kallo. Ban san me ya sa na yi ba. Na sani.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na dama farar ƙasar, ta yi kauri kamar koko. Na ɓoye tsohuwar tsintsiya a gefe. Ban iya cin abinci ba. Gobe zai taho.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Bayan la'asar mata duk suna kan daka. Na ɗora kaskon a ka na bi ta zaure. Baba na kan gungumensa. Na wuce ta gabansa ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Da na gaishe shi da na koma.

A bakin kwalta ƙafata ta sake ƙi. Na tsaya. Na ga masu shanya suna kallona. Matar Bature ta ce ikon Allah, yau Barakatu ce a titi. Na rufe ido na taka. Zafi. Ashe ko takalmi ban sa ba.

Na durƙusa na fara shafawa daga gefenmu. Ban ɗaga kai ba. In da mota ta zo a lokacin, ban san me zan yi ba, ko dubawa ban yi ba, wauta ce, yanzu nake ganin wautar. Na kai kamar kamu uku sai na ga inuwa a kan hannuna. Na san takalmin.

Ya ce, "Likkafani kike shimfiɗa wa titi?"

Tsintsiya na ɗiga. Na nemi duk maganar da na shirya a bayan rumbu, babu ko ɗaya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, Yaya yana kashe inji a gangara."

Na ji numfashinsa. Na jira mari, ko da yake bai taɓa marina ba. Sai na ga takalmin ya juya. Na ce shi ke nan, ya tafi, ya cire ni daga rabon Kande.

Can na ji ham daga sama. Na ɗago. Baba ne a tsakiyar titi, can wajen gangara, ya cire hularsa yana kaɗa wa wata gingimari. Baba da ko a gona ba ya cire hula. Motar ta lafa, ta zo ta raɓa ta inda ban shafa ba. Yaron motar ya leƙo ya ce sannu da aiki, 'yammata. Haka Baba ya yi ta tare mini motoci har na kai ɗaya gefen. Na waiga na ga ashe na tsallake titi a durƙushe.

Da ya dawo bai dube ni ba. Ya tsaya yana kallon farin. Ya nuna duwatsun da suka leƙo a bakin hanya da ƙafa, ya ce, "Waɗannan ma." Na shafe su. Ya ɗauko mini kaskon har zaure, ya yi alwala, ya tafi masallaci.

Na maƙale a ƙofar zaure. An tayar da salla, duhu ya fara, titi ba kowa. Farin yana nan kwance, shi kaɗai ake gani. Ban ji ƙarar komai ba, don ba inji. Wani baƙin abu kawai na hango yana sulalowa, da sauri, ba fitila. Na cusa ɗankwali a baki.

Sai na ji birki. Ba ƙiii ba. A hankali, tun daga nesa.

Ya tsaya daf da tudun, ya sauka. Ya daɗe a tsaye yana kallo, ina jin ya gane wurin. Sannan ya turo babur ɗin ya haye da shi da hannu. Da ya gan ni ya ce, "Malama Shiru, wa ya yi wa titi kwalliya?" Muryarsa ba daidai take ba. Na ɓoye hannuwana a baya, amma farin ya kai har gwiwar hannu.

Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Litinin, 6 ga Nuwamba

An yi sadaka. An raba gumba da waina. Maikano direba ya zo, ya zauna can ƙarshen tabarma. Baba ya amsa gaisuwarsa, bai ƙara komai a kai ba.

Na ji Baba yana yi wa Yaya faɗa a zaure, wai man da yake tattali a gangara, in ya mutu wa zai bar wa. Yaya ya ce ya daina. Ban yarda ba sosai.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Baba ya ɗauki garma da safe ya rage wa tudun tsawo, ya cire manyan duwatsun, ya kwantar da gefe da gefe. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Daga nan ya wuce ruga duba Dikko. Ya dawo da wuri. Ina jin ba a sake masa fuska ba.

Mun kai masarar falalen dutse, ni da Inna da Kaka tana bin mu da sanda tana mita. Fiye da rabi ta yi baƙi, sai dai kaji. Inna tana tsincewa tana cewa Allah ya sa iyakar asarar ke nan, sai kuma ta tuna, ta sunkuya ta ci gaba da tsinta.

Ta sauran mutane tana nan a kan titi. Yanzu ma barkono ne, ja wur, har kusan tsakiya.

Talata, 14 ga Nuwamba

Farin ba ya daɗewa. Taya na cinye shi, sai an ƙara. Kaskon Kande ya ƙare tun shekaranjiya. Ramin da ake haƙo farar ƙasar yana tsallake, bayan rijiya. Na je na ɗebo. Ba wani abu ba ne. Na duba sama, na duba ƙasa, na saurara ko akwai mai gangarowa ba inji, na wuce. Na haɗo wa Inna da ruwa tun da hanya ɗaya ce.

A dawowa na tarar matar Bature ta baza barkononta har kan tudun, 'yarta ƙarama na zaune a ciki tana kora kaji, ta ba gangara baya. Na ce ta ja shanyar baya, ta ɗauke yarinyar daga nan. Ina jin da ƙarfi na faɗa, don har masu faci sun waigo. Ta ɗauke yarinyar. Shanyar ba ta ja ba, ta ce titin na ubana ne?

Da na shigo Kaka na zaune a zaure tana ɓarar gyaɗa. Ta ce ta ji wata murya a bakin titi, gabanta ya faɗi, ta ɗauka Kande ce. Ta ce wace ce?

Na ce ban lura ba. Na wuce na jiƙa kaskon.